Hawa ta hana ruwa hawa

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni wani gida a unguwar Al-Naseem ba, a sanyina na farko a Riyad. Lokacin ban daɗe da fara aiki da kamfanin gyare-gyarenmu na Al-Sulay ba, Larabcina kuma bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Aikin famfo kam na iya tun daga Gusau, amma ban taɓa ganin gidan da ake ɗumama shi da ruwa ba.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su sani ba. Akwai tukunya a ƙasa mai dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya shiga wani faffaɗan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Shi ake kira daffaya.

Maigidan ya kai ni ɗakin mahaifinsa a bene. Dattijon bai jima da fitowa daga asibiti ba, ciwon ƙirji, yana kwance cikin barguna. Ɗakin sanyi ƙalau. Na taɓa daffayar, ƙasanta da ɗumi, samanta kamar ƙanƙara. Da hannu da guntun Turanci maigidan ya fahimtar da ni cewa in ɗakin bai yi ɗumi ba kafin magariba, asibiti zai mayar da tsohon. Shi kuwa tsohon sai girgiza kai yake yana riƙe da gefen gado. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Na kira shugabanmu, Abu Yasir, Basudane mai saurin baki. Ya ce, "Ɗalli'il hawa, ya Sabitu! Min fauƙ!" Ya kashe waya.

Fauƙ na san sama ne. Hawa kuma, ai ko yaye ni ba a yi ba na san hawa. Har na ji daɗi, na ce ashe Larabci ma aro yake a wurinmu. Na nemi matakala na haye rufin gidan. Na tarar da tankin ruwa, da kwanon talabijin, da tattabaru suna kallona. Na leƙa tankin, cike yake. Na zagaya, na sake zagayawa, ban ga abin gyara ba.

Abu Yasir ya kira. "Ɗala'al hawa?"

Na ce, "Aiwa, hawa tamam." Ƙarya na yi? Ga ni a sama.

Sai ya buga wa maigida ya ce an gama. Maigida ya taɓa ƙarfe, ya fito tsakar gida ya hango ni a kan rufi, ya ɗaga hannu biyu yana ta faɗa. Ni ban san laifina ba. An ce in hau, na hau.

Na sauko na koma ɗakin dattijon. Maigida ya tafi tayar da mota don ya kai shi asibiti. Ina tsaye a ɗakin kamar gunki, sai dattijon ya yafito ni. Ya kumbura kumatu, ya hura iska da ɗan numfashin da ya rage masa, fuuu, ya ce, "Hawa." Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya sake hurawa, ya nuna wata 'yar ƙusa a saman daffayar.

Iska! Ashe iska ake nufi.

Na kashe tukunya, na tara tsumma, na sassauta ƙusar a hankali. Sai ga huci kamar tayar keke ta sace. Da ruwa ya biyo baya na ɗaure, na kunna tukunya. Ina dafe da ƙarfen na ji ɗumi yana tahowa tafin hannuna. Maigida ya shigo da makullin mota, ya taɓa, ya zura makullin a aljihu.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, iskar da ta maƙale a sama ita ke hana ruwan zafi hawa, sai an buɗe mata ta fita. Kuma kalmar da ta yi kama da taku ta fi wadda ba ku sani ba haɗari, don ba za ku tambaya ba. Dattijon nan a ɗakinsa ya kwana, amma da numfashinsa ya koya mini aikin da aka turo ni in yi masa.