Yadda Aka Share Iyakar Gonarmu

Shekara guda kafin Baba ya rasu, na zagaya gonarmu ta Gurbin Bore tare da shi ina ɗaukar muryarsa a waya. Yana tafe yana faɗin iyaka da sunayen shaidu, tun na zamanin kakanmu. Na juye maganar a kwamfutata a Kaura Namoda, inda nake koyarwa, na goge ta waya saboda wayar ta cika. Wautata ta farko ke nan.

Ta biyu, na bar kwamfutar a gaban yayana. Shi maganin dabbobi yake sayarwa a kasuwar Shinkafi, kuma a wurinsa komai saniya ne: in ta yi sanyin jiki a ɗura mata magani kala uku, wanda bai ci ba wani ya ci. Ya kwana gidana, ya ga kwamfutar tana nauyin buɗewa.

"Wagga na'ura tsutsa ag gare ta," ya ce. "Maganin bairos guda ɗai kas sa mata? Ai kyauta aka ba da shi."

Na ce, "Yaya, ba a haɗa su. Faɗa suke yi."

"Kai dai boko ya yi maka yawa."

Ina makaranta ya saka ta a jaka ya tafi da ita, wai zai yi mini gwaninta. Wani mai tura waƙoƙi a waya ya zuba mata maganin bairos na kyauta har uku, ya ƙara da manhajar shara, irin mai jero jan rubutu tana cewa cikin na'urarka duk datti ne. Suka danna a share duka. Kwamfuta ta mutu, ta ƙi tashi. Maimakon su tsaya nan, sai gwanin mai tura waƙoƙin ya wanke ta tas ya zuba mata sabon tsari. Yayana ya dawo yana washe baki, wai in ga gudu.

Gudu kam tana yi. Babu komai a cikinta.

Na kai ta wurin wani mai gyara, mutumin kudu da ya daɗe a Kaura. Ya duba, ya ce da an kawo masa tun da ta ƙi tashi, da ya ciro komai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ban zagi yayana ba, babba ne, amma na yi wata biyu ban ɗauki wayarsa ba.

Da damina ta faɗi, maƙwabcinmu na gona ya shigo mana cikin gonar da kunya shida. Muka je gaban mai gari, ya ce in faɗi shaidun da Baba ya ambata. Na buɗe baki, ko suna ɗaya bai zo ba. Ranar da Baba yake magana, hankalina yana kan wayar, ina duba ko tana ɗauka.