Kular da Take Dawowa a Wanke

Ranar Laraba ce, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, muna mu uku a tsakar gidana a Panshekara: ni, da mai ɗakina, da jikata mai shekara goma sha tara wadda muke riƙo. Ta fito cikin rigar aiki za ta tafi kamfanin alewa a Sharada. Na dube ta kamar yadda na shekara talatin ina duban yadi a masaƙa, ina neman zaren da ya kauce. Na ce, "Maɓallin nan na uku yana neman agaji. Wanda ya kasa riƙe cikinsa ba zai riƙe amana ba."

Haka aka hore mu a makarantar mishan, inda ake auna abinci da ludayi, neman ƙari kuwa abin kunya ne. Ban ga laifin maganata ba.

Mako na zagayowa ta fara azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ta koma ta yi yau, ta huta gobe. Na ji daɗi, har na yi alfahari da ita a gaban abokan sallata. A gidana ni kaɗai nake cin abinci a ɗakina, kamar yadda mahaifina ya yi, saboda haka ban taɓa ganin buɗa-bakinta ba. Abin da nake dubawa shi ne kular abincin da take tafiya da ita aiki ranar da ba ta azumi. Kullum a wanke take dawowa, ni kuwa na gamsu.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, yarinyar nan fa da dabino ɗaya take shan ruwa. Gashinta na zuba a matsefi. Ga zafin nan, ita sanyi take ji."

"Hajiya, ibada ce. Kada ki shiga tsakaninta da Ubangijinta."

"To, ni dai ban taɓa jin ibadar da ta hana sahur ba."

Bayan wata bakwai jikata ta yanke jiki ta faɗi a gaban injin naɗe alewa. Abokiyar aikinta, wata Bahaɗejiya, ta kawo mini kular har asibiti tana kuka. "Baba, ku yafe ni. Ni nake cinyewa. Cewa ta yi in rufa mata asiri."

Likita ta zaunar da ni. Ta ce ba zazzaɓi ba ne, ba iska ba ce. Cuta ce da ke sa mutum tsoron abinci, yana ganin kansa da ƙiba alhali ƙasusuwansa sun bayyana. Ta ce idan jiki ya daɗe ba abinci, naman kansa yake ci, har da na zuciya. Ta ƙara da cewa sanadin cutar ba ɗaya ba ne. Ban karɓi wannan rangwame ba, domin na san abin da na faɗa, na kuma san wadda ta gargaɗe ni.

Jikata ta rayu. Zuciyarta ba ta koma daidai ba, kuma ta bar aikin. Na fito da tabarmata tsakar gida don mu riƙa cin abinci tare, amma har yau ba ta kai loma baki in ina wurin.