Na nemi aikin lebura a gidana

"Baba, don Allah saki tsanin nan!"

Isiyaka ke nan jiya, daga sama. Mutumin Kumasi ne, ɗan jinga. 'Yata ce ta turo shi gidana a nan garin Lanham ya canza min tagogi, bayan ta bincike lasisinsa kamar mai binciken suruki. Kowace taga da kuɗinta, shi ya sa yake sauri kamar ana korarsa. Ni kuwa kwana tara rabona da baƙo.

Na ce, "Taimakonka nake yi, ɗana."

Ya ce, "Sai da ka riƙe shi ya fara rawa. Kuma a ƙasar nan, in ka kama min aiki ka zama leburana, dole in sa ka a inshorar ma'aikata. In ka faɗi, diyya a wuyana."

"To sa ni mana! Na karɓi aikin."

"Shekarunka nawa?"

"Tamanin da ɗaya."

"Wallahi masu inshora na jin haka za su kashe waya."

Ƙarshe ya ajiye min kujera nesa da tsani, ya naɗa ni mai duba aiki. Ba albashi, sai hira.

Da ya fara tattara kayansa, na ce masa tagar ƙarshe ta karkace. Ya dubi tagar, ya dube ni.

"Haka ne, Baba. Zan dawo Asabar in gyara. A dafa shayi."

Mu biyun mun san tagar nan lafiyarta ƙalau. Jama'a, istigfari zan fara yi, ko in je in sayo madara?