Lambar Haruna, Sunan Idi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Asabar ɗin da Baba Idi ya fara shigowa ofishinmu ba. Ku da za ku gaji kujerar nan ta sakatare, ku saurara da kyau, don ba labarin yabon kai ba ne.

Lokacin ina shekara ta shida da riƙe rajistar ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji a nan Dutse. Da muƙamin saje na ajiye kaki, kuma aikin akawu na yi a bariki, saboda haka takarda na sani, da takarda na yarda. Kun san halina, haƙurina bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda muke yi, don waɗanda ba su sani ba. Asabar ɗin farko ta kowane wata muke taro. Kafin komai sai a yi kiran suna kamar a fareti. In kira ukun ƙarshe na lambar aikin mutum, in haɗa da sunansa, shi kuma ya miƙe ya ƙame ya ce, "Ina nan!" Wanda ya rasu, a taro na gaba sai in kira shi sau uku, kowa ya yi shiru, a yi masa addu'a, sannan in ja layi a kan sunansa. Ranar jana'iza kuma mukan tura mutanenmu su tsaya masa da hulunansu. Mai son shiga ƙungiya kuwa sai ya kawo takardar sallama daga aiki. In babu, a duba lambarsa a jerin sunayen da aka aiko mana daga hedikwata. In an sami saɓani, sai wani ɗan ƙungiya da suka yi aiki tare ya shaide shi.

Farkon damina ne, ana saura kaɗan mu fara taro, sai ga wani dattijo siriri, ya kai tamanin, ya tsaya bakin ƙofa ya sara mini. Kai, sarawar nan ta tsohon yayi, rabona da ganin irinta tun ina kurtu.

Na ce, "Baba, me ke tafe da kai?"

Ya ce, "Yallaɓai, daga Aujara nake. So nake a rubuta ni."

Na tambayi takardar sallama, ya ce gara ta cinye ta tun 'ya'yansa na ƙanana. Na tambayi lamba, ya zubo ta tiryan-tiryan ba ko numfashi, ta ƙare da huɗu-ɗaya-tara. Na buɗe jeri, ga ta kuwa, farabiti Haruna Aujara. Na karɓi katinsa na ɗan ƙasa, sai na ga Idrisu.

Na ce, "To, wane ne Haruna?"

Ya sunkuyar da kai ya ce wansa ne. Lokacin yaƙin basasa Haruna ne ya ba da suna don shiga soja, sai mahaifinsu ya kwanta ciwo, ga matar Haruna da tsohon ciki, ga gona. Ranar da mota ta zo ɗauka, sai shi Idi ya hau, aka kira Haruna ya amsa. Haruna bai taɓa barin gida ba har ya rasu.

Wallahi ban yarda ba. Na sha ganin masu haddace lambar mamaci don neman abin duniya, sai na sa shi a sahunsu. Na ce masa, da kakkausar murya ma, "Baba, nan ba a biyan fansho."

Ya ce, "Ba abin da ya kawo ni ke nan ba, yallaɓai. Duk waɗanda suka san na tafi sun mutu. So nake a kira ni in amsa, ko sau ɗaya ne. In na mutu kuma a sami mai hula ya tsaya a kaina."

Na ce sai da shaida. Ya ce Samanja Bala na Ringim ya san shi, shi ne kofur ɗinsu a lokacin. Samanja Bala ɗan ƙungiyarmu ne, amma idonsa ya tafi, ya daina zuwa taro, kuma kunnensa ba ya ɗaukar magana ta waya. Shugabanmu, wani manjo mai ritaya, ya ji abin da ake ciki ya ce, "Saje, ka je Ringim ka ji daga bakinsa." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ban je ba. Ga noma, ga ruwa, ga kuma zuciyata da ta riga ta yanke hukunci. Wata ya zagayo, Baba Idi ya dawo. Wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya shiga zauren taro, sai ya tsaya waje gindin darbejiya. Ina kiran suna ina hango shi ta taga, a ƙame, hannuwa a gefe, har na kai sunan ƙarshe. Wata na uku ma haka, ranar har da yayyafi. Abin ya ishe ni, na fita na ce, "Haba Baba! Ka daina wahalar da kanka. Ka zauna gida, ni zan aiko." Ya ce, "To, yallaɓai," ya sara mini ya juya. Umarni ya ɗauke shi, bai sake zuwa ba.

Sai da aka yanke gero Manjo ya sake tambayata, kunya ta kama ni, na hau mota zuwa Ringim. Na tarar da Samanja a soro kan tabarma. Bayan gaisuwa na matsa kusa da kunnensa na ce, "Samanja, huɗu-ɗaya-tara."

Tsohon nan ya miƙe zaune ya ce, "Kurma! Kurma yana da rai?"

Na ce wane kurma? Ya yi dariya har da tari. Ya ce lokacin da Baba Idi yake kurtu, in aka kira Haruna Aujara a fareti sai yaron ya yi ta kallon gabansa, sai an kira sau biyu, sau uku, sannan ya zabura. Shi ya sa suka laƙaba masa Kurma. "Ya sha tsallen kwaɗo a hannuna, Saje, kafin ya gaya mini ba sunansa ba ne. Idi sunansa. Na rufa masa asiri har aka sallame mu. Maza ka kawo mini shi in taɓa fuskarsa."

Na koma Dutse, na cika wa Baba Idi katin ƙungiya, Manjo ya sa hannu, washegari da hantsi na kama hanyar Aujara. Ina tafe ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Sadakar uku ake yi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Babban ɗan Baba Idi, Malam Sani, ya ja ni gefe da ya ga hulata. Ya ce, "Kai ne sajen? Kowace Asabar ɗin farkon wata sai Baba ya yi wanka ya zauna nan ƙofar gida, ya ce an ce za a aiko." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi mini. Na miƙa masa katin, ya karɓa da hannu biyu yana godiya. An binne Baba Idi ba mai hula ko ɗaya a kansa.

A taro na gaba na roƙi Manjo aka ɗauko Samanja a mota. Da safiyar ranar na rubuta sabon suna a ƙarshen rajista. Da na zo kansa a kiran suna, sai na ce, "Huɗu-ɗaya-tara, Idrisu Aujara!" Sunan da ba a taɓa kira a fareti ba ke nan. Na sake kira. Na kira na uku. Zaure ya yi tsit, ni kuwa na kasa ɗaga biro.

Sai Samanja ya ce daga inda yake zaune, "Wannan karon ba kurumta ba ce, Saje. Ja layinka."

Na ja, da biron da na rubuta shi da safe, ina kuka a gaban manya da ƙanana.

Abin da na koya shi ne, dokarmu ba ta da laifi, ta ce a nemi shaida, kuma shaidar tana nan zaune a soro tana jira. Ni ne na yi wata huɗu ban je ba. Mutanen da muke wa aiki tsofaffi ne, kuma sojoji ne: in ka ce su jira za su jira, ba za su yi ƙorafi ba. Saboda haka in dattijo ya tsaya muku a ƙofar nan, kada ku ce masa za ku aiko. Ku rufe rajistar, ku tashi ku je ranar.