Uwar Gurbi: Malamar da Bayaninta Ya Buɗe Haramtaccen Ruwa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya Farfesa, wadda ɗalibanta da mutanen garinsu suka fi sani da laƙabin Uwar Gurbi, a daminar shekarar 1953 Miladiyya, a wani ƙaramin garin masunta da ke zaune bisa tudu a gwiwar wani babban kogi. Mahaifinta masunci ne ɗan masunci, mai kwalekwale guda da taru biyu, mahaifiyarta kuwa sana'arta bandar kifi, kuma marigayiyar ce 'yar fari a cikin 'ya'yansu bakwai. Mai bi mata namiji ne wanda tun yana ƙarami aka laƙaba masa Gardama, domin ko cewa aka yi rana ta fito sai ya leƙa waje ya tabbatar.

A ƙasan tudun garin akwai wani gurbi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa komai tsananin rani, kuma tun kaka da kakanni an haramta jefa taru ko ƙugiya a cikinsa, bisa imanin cewa yana da masu shi waɗanda ido ba ya gani. Duk kwalekwalen da ya zo wucewa sai a ɗaga filafilin tuƙi, a yi shiru, a bar ruwa ya fitar da shi da kansa. Ba a taɓa ajiye mai gadi ba, ba a kuma taɓa yanke wa wani hukunci ba, domin babu wanda ya taɓa gwadawa. Kogin kuwa yana wadata mutanen garin da kifi a sama da ƙasan gurbin, har ana loda wa motoci zuwa kasuwannin birni.

Neman Ilimi

Ta shiga makarantar firamare ta garin a shekarar 1960, tana haɗawa da karatun Alƙur'ani da yamma, kuma ta sauke kafin ta kammala aji na ƙarshe. A shekarar 1967 ta samu shiga makarantar kwana ta 'yan mata, inda 'yan birni suka riƙa toshe hanci idan ta buɗe akwatinta, wai ƙarnin kifi ya ishe su. An ruwaito cewa amsarta ɗaya ce: "Ku yi haƙuri da shi, shi ya kawo ni nan." Ba a jima ba masu toshe hancin suka koma masu aron littafinta na kimiyya.

A shekarar 1973 ta shiga jami'a a sashen nazarin halittu, ta kammala digirin farko a 1977 da sakamako mafi daraja, nan take kuma jami'ar ta riƙe ta a matsayin ƙaramar malama. Ta samu digiri na biyu a 1980.

Aure da Iyali

A shekarar 1978 ta auri wani malamin lissafi da suka saba a ɗakin karatu na jami'a, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda bai iya iyo ba, kuma har ya bar duniya ƙanin matarsa Gardama bai daina tsokanarsa a kan haka ba. Sun zauna a gida mai ɗaki biyu a rukunin gidajen malamai, inda rabin firij ya zama na kwalaben ruwan kogi da take bincike a kai. Mijin yakan gargaɗi baƙi da cewa, "A gidan nan, karanta takardar jikin kwalba kafin ka sha." Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1979 da 1990, mata biyu, maza biyu.

Binciken Digirin Digirgir

Daga shekarar 1981 zuwa 1985 ta gudanar da binciken digirinta na uku a kan gurbin garinsu. Ba ta karya haramcin ba: da izinin dattawa take ɗibar ruwa daga gefe, tana kuma bin 'ya'yan kifi a inda suke fita zuwa kogi. Ta tabbatar da cewa a gurbin ne manyan kifaye suke fakewa da rani, a nan suke zuba ƙwai da farkon damina, kuma daga nan ne kusan dukkan kifin wannan yanki na kogin yake samuwa.

A cikin kundin akwai babi guda da ta rubuta abin da dattawa suka gaya mata game da masu gurbi, da yadda suke kallon ruwa a matsayin gidan wasu wanda ɗan Adam baƙo ne a cikinsa. Shugaban sashe ya duba ya ce wannan tatsuniya ce, ba ta da mazauni a kundin kimiyya. Ta bi shawara ta cire babin, ta maye gurbinsa da jimla guda, cewa wannan imani dabara ce kawai ta magabata don kare ƙwan kifi. Masu jarrabawa sun yaba ƙwarai, kuma ita ma a lokacin ta ɗauka cewa ta ɗaga darajar kakanninta ne, tunda ta nuna wa duniya suna da hikima.

Laccar 1986 da Abin da Ya Biyo Baya

A shekarar 1986 matasan garin, waɗanda suka fara sa wa kwalekwale inji, suka soma gunaguni a kan haramcin. Dattawa da kansu suka gayyato ta, da zaton idan matasa suka ji hujja daga bakin 'yar boko za su ƙara riƙo. An yi taron a wani aji na makarantar firamare, manyan maza sun takure a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa ƙirji. Ta zana gurbin a allo, ta yi bayani dalla-dalla, mahaifinta yana gaba yana ta gyaɗa kai cikin alfahari.

Da ta gama sai Gardama ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, wato babu kowa a ciki?" Ta ce, "Babu kowa sai iyayen kifi." Ya ce, "To ƙwan nan, kullum suke zuba shi ko da lokaci?" Ta ce da lokaci, farkon damina. Ya ce madalla, ya zauna. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yarda da magana ba tare da musu ba, amma ranar babu wanda ya lura.

Da ranin 1987 Gardama ya jefa taru a gurbin da tsakar rana, ya cika kwalekwale da kifin da ba a taɓa ganin irin girmansa ba, kuma ko ciwon kai bai yi ba. Hujjarsa ita ce ba lokacin ƙwai ba ne, kuma yayarsa dakta ce ta faɗa. Sauran suka bi, daga baya aka daina tambayar ko wane lokaci ne, baƙin masunta kuma suka zo daga nesa. Mahaifinta bai taɓa ɗora mata laifi ba, sai dai har rasuwarsa a 1991 yana ɗaga filafili idan ya zo wucewa, a tsakiyar rugugin injuna. Zuwa 1992 gurbin ya zama fanko, kogin ya tsiyace, murhun bandar mahaifiyarta ya mutu, gidaje da dama suka yi ƙaura. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma wannan al'amari ya yi mata ciwon da ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Ƙoƙarin Gyara

A shekarar 1993, bayan doguwar zirga-zirga a ofisoshi, ta samu hukuma ta kafa dokar hana kamun kifi a gurbin, aka kafa allon gargaɗi, aka ɗauki mai gadi. Allon ya yi amfani wajen shanyar taru. Mai gadin kuwa, an ba kura ajiyar nama, cikin shekara guda ya yi kumatu. A 1995 ta sake tara matasa ta roƙe su su koma kan abin da suka gada, sai Gardama ya ce, "Yaya, ke kika cire mana tsoron, yanzu kuma mu mayar? Ai ba hula ba ce."

Daga nan ta juya akalar bincikenta gaba ɗaya zuwa ga ilimin gargajiya da matsayinsa a jami'a. A laccar da ta gabatar lokacin da ta zama farfesa a 1999, ta kafa hujja cewa ilimin al'umma da yadda take kallon duniya tare suke tafiya, kuma duk manazarcin da ya tsinci amfanin ya zubar da imanin ya kashe su duka biyu. Ta ce a gaban cikakken zaure, "Kwalbata ƙwai ta auna. Ban auna masu gurbi ba, don haka ba ni da hurumin cewa babu su." Wasu abokan aikinta suka riƙa kiranta Farfesar Aljanu a bayan ido, wasu kuma suka zarge ta da raya camfi. Ta amsa da cewa ita Allah kaɗai take bauta wa, kuma Shi ya halicci abin da ake gani da wanda ba a gani.

A shekarar 2004 ta kafa cibiyar nazarin ilimin gargajiya a wani tsohon sito da ke ƙarƙashin matakalar tsangayar kimiyya, mai taga guda da fanka mai ƙara. Ƙa'idojinta biyu ne, kuma ba ta sassauta su ga kowa ba. Ɗalibi ba zai wallafa bayanin wani haramci na al'umma ba sai ya zauna da masu shi an duba abin da bayanin zai iya rushewa, sannan masu ilimin, ko masunta ne ko masu ɗori ko masu haƙar rijiya, za su zauna a teburin jarrabawa ranar kare kundi, su ma su yi tambaya. An yi ta kai ruwa rana da hukumar jami'a kafin ta amince, daga baya kuma wasu sassan suka kwaikwaya. Ɗalibai ne suka sa mata Uwar Gurbi, domin ko daga ina lacca ta tashi, a gurbin take sauka.

Ritaya da Komawa Gida

Mijinta ya rasu a 2016, ita kuma ta yi ritaya a 2018, ta koma garinsu, inda take da gonar gado a kan tudun da ke fuskantar gurbin. Ba ta sake tara matasa ba, ba ta kuma sake yin lacca ba. Kowace safiya sai a kai mata kujera ƙarƙashin wata bishiya a bakin gonar, ta zauna da carbi da lema har la'asar. Duk masuncin da ya doso da taru sai ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa da jikin yaronsa, ta tuna masa ranar sunansa. Ba a samu mai ƙarfin halin jefa taru a kan idonta ba. Masu taurin kai sukan zo bayan ta tashi, amma sun ragu ƙwarai. Mai ɗaukar kujerar kuwa Gardama ne, wanda ya tsufa, ya kuma ga yadda 'ya'yansa suka bar kamun kifi suka koma dako a birni.

A daminar 2021 aka fara ganin 'ya'yan kifi suna fita daga gurbin, shekarar da ta biyo baya kuma wasu matan suka sake hura murhun banda. Sai dai kowa ya san wannan gadi iyakarsa tsawon ranta. Gardama ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba: "Yaya, ranar da kika rufe ido, kafin a tashi daga zaman makoki sun kwashe." Ta ce ta sani, tana kan tunani.

A shekarar 2022, da yake tsohuwar maƙabartar garin ta cika, ta tara liman da dattawa ta ba da gonar nan waƙafi don a yi sabuwa, bisa sharaɗi guda: idan ta rasu a sa ta a daidai inda kujerarta take zama. Jama'a suka yi ta godiya da addu'a a kan wannan sadaka mai gudana. Gardama ne kaɗai ya fita daga taron yana dariya, hawaye na zubo masa.

Rasuwa

Allah ya yi mata cikawa da ranin shekarar 2023, bayan gajeruwar jinya a asibitin birni, tana dab da cika shekara saba'in. An kawo ta gida, aka yi mata sutura da salla kamar yadda addinin Musulunci ya tanada, tare da halartar malaman jami'a da tsoffin ɗalibanta da masunta, aka kuma binne ta a inda ta yi wasiyya, ita ce ta farko a sabuwar maƙabartar. Tun daga wannan rana duk kwalekwalen da ya zo ƙarƙashin tudun yakan kashe inji ya yi wa mamata sallama, kuma ba a samu wanda ya yarda ya jefa taru a gaban kabarin ba, da rana ko bayan ta faɗi. Wasu na cewa kunya ce, wasu na cewa tsoro ne, cibiyar da ta kafa kuma ba ta aika kowa ya yi musu bayani ba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta likitar yara, mai bi mata injiniyan gadoji, ta uku malamar makaranta, sai auta matuƙin jirgin fito, tare da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta. Ta kuma bar ƙaninta Gardama, wanda tuni ya sa liman ya shaida cewa wurin da ke kusa da ita nasa ne, yana cewa, "Gadin ya yi wa mutum ɗaya yawa."