Tambayar Inna Murja a Bakin Zaure

Inna Murja 'yar Dutsi ce, aure ya kawo ta Daura. Mijinta Audi dillalin awaki ne. Da ya rasu ya bar mata gida mai babban zaure da gona ɗaya a bayan gari.

A kakar 2006 ta fara rainon yara. Matan unguwarmu masu zuwa aikatau a gonakin mutane, da masu shara a asibiti, ba su da inda za su bar 'ya'yansu. Wasu su goya su a rana wuni guda, wasu su kulle su a ɗaki. Murja ta shimfiɗa tabarmi a zaure ta ce a kawo mata. Ba ta karɓar komai. Da kaka magidanta kan aiko da damin gero sadaka, da shi ake dama wa yara kunu. Muka kafa kwamiti na mutum biyar, ina ciki. Cikin shekara uku yara suka kai talatin.

Ba ta da daɗin baki. Idan uwa ta makara wajen ɗaukar ɗanta, sai ta ce, "Ai na ɗauka kin bar mini shi gado."

A 2011 Fadila, matar ɗan ƙanin Audi, ta kawo 'yarta Firdausi, mai wata goma. 'Yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya, balle a gaban suruka. Ta kwance goyon, ta kau da kai, ta ce, "Inna, ga wannan." Ta wuce gona.

Yarinyar tun jiya take amai da gudawa. Fadila ta sani, kunya ta hana ta faɗa. Murja ta ga tana barci ta kwantar da ita a gefe, ta shiga hidimar sauran. Da azahar ta ɗaga ta, jiki ya saki. Aka hau babur da ita, ba ta kai asibiti da rai ba.

Bayan sadakar bakwai Murja ta kafa doka. Kowace uwa sai ta tsaya a bakin zaure ta faɗi sunan ɗanta da bakinta, ta faɗi yadda ya kwana da abin da ya ci. Wadda ta ƙi, ta koma da abinta.

Na ji ta da wata amarya mai ɗan fari.

"Ya sunansa?"

"Haba Inna, ai kin sani."

"Na sani, ni na ci naman sunan. Ke nake so ki faɗa. Da za ki haife shi kunyar ina ta tafi?"

Amaryar ta sunkuyar da kai, ta mai da ɗanta baya, ta tafi da shi gona.

Surukai suka ce Murja tana koya wa matan 'ya'yansu fitsara. Kakar da ta biyo baya dami shida kawai aka aiko, inda a da ana samun arba'in. Mu 'yan kwamiti muka je muka roƙe ta ta sassauta, ko da ga masu 'ya'yan fari ne, don kada gidan ya mutu. Ni na yi maganar.

Ta ce, "Hasana, ke ba ki ɗaga yarinyar nan ba. Ni na ɗaga ta."

Yara suka ragu zuwa tara. Ta ciyar da su daga gonarta, ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma a haka, babu yaron da ya sake mutuwa a hannunta. Waɗanda aka janye kuwa, na san biyu da aka binne, ɗaya wuta ce ta cinye shi a ɗakin da aka kulle shi. Har yau akwai masu ɗora wa taurin kanta alhakin wannan. Ita ma ta ji.

Ta rasu a damina ta 2021. Kwamiti ya zauna bayan arba'in, aka soke dokar, mutum huɗu suka yarda, ɗaya ya ƙi. Gero ya dawo. Yanzu yara sun haura arba'in, an yi wa zauren siminti, mata biyu ke kula da su. Da safe sukan ce, "Ya kwanan yaro?" Uwa ta ce lafiya, ta ajiye, ta wuce aiki.