Baƙin da Ke Sauya Riga

Da damina, in an idar da magariba, kakarmu Iya takan zuba ɗanyen ganyen darbejiya a garwashi don korar sauro, mu zagaye ta muna tari muna hawaye. Ni da yayana Sani kullum sai mun yi faɗa a kan gefen tabarmar da hayaƙi bai kai ba. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya.

Wai wasu baƙi masu fararen riguna ne suka shiga wani gari suna shan jinin maruƙa. An yi kwanaki kafin maharba su gane su. Da suka gane, suka bi duk mai farar riga suka harbe, gari ya ɗau kiɗa da guɗa. Ashe ɗaya ya riga ya sa jar riga. Ya wuce ta gaban maharba har yana yi musu sannu da aiki, ya je ya hayayyafa. Kafin a gama da masu ja, sai ga masu baƙa.

Sani ya ce, "Iya, yaushe suka ƙare?"

"Wa ya ce maka sun ƙare? Maruƙan ne suka ƙare."

Yanzu a Doha nake, ina bincike a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma halinta ke nan sak. Takan shige cikin ƙwayar jini ta sa mata alama a waje. Kafin garkuwar jiki ta haɗa makamin da ya dace da alamar, wasu sun sauya wata. Zazzaɓi ya lafa, mutum ya ce ya warke.

Sani gadi yake yi, su shida a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, nan Doha. Ya je hutu gida ya dawo da zazzaɓi, ya sha rabin magani, ya ba abokin ɗakinsa sauran, wai zumunci. Jiya na same shi idanu rawaya, yana ɗaura takalmin aiki.

Na ce, "Yaya, don Allah mu je asibiti."

"Ke da boko! Khalas, an gama, zazzaɓin ya sauka. Sau biyu ke nan yana tafiya da kansa. In kafil, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya ji ina ciwo, tikitin komawa gida zai yankar min."

Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni. Na riƙo hannunsa, zafi kamar gindin tukunya. Ya zare, ya hau bas.

Na daɗe ina zaton wayon baƙin ne Iya take tsorata mu da shi. Ashe kiɗan da garin ya yi ne tun baƙin ba su ƙare ba. Tun safe nake kiran wayar Sani, tana ƙara, ba a ɗauka.